Injin Niƙa Kututture: Mai Doki 38 Ko Mai Doki 74?

Duk wanda ya yi sana'ar sare itatuwa a Amurka ya san wannan tsayuwar. An kayar da itace, an yanka gungumen gunduwa-gunduwa, rassa sun shige injin markaɗe, an share farfajiya tas, sai uwargida ta fito ta nuna kututturen da ya yi zaman dirshan a tsakiyar ciyawarta, ta ce, "Wannan fa?" In ba ka da amsa, wani ne zai zo jibi da injinsa ya yi aikin rabin sa'a ya karɓi kuɗi, kuma lambarsa ce za ta zauna a wayarta har ranar da maƙwabciya za ta tambaye ta wa ya yi mata aiki. Shekara biyu na yi ina miƙa wa wasu wannan ragowar kafin na sayi nawa injin, kuma tun daga lokacin 'yan'uwa masu shigowa sana'ar ba su daina tambayata wanne za su saya ba. Yawancinsu da sunan kamfani suke buɗe tambayar. Ni kuwa nakan ce a ajiye suna tukuna, a fara da girman inji, domin a nan ne mutum ke yin kuskuren da zai shekara biyar yana biya.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, abin ba shi da wuyar fahimta. Faifan ƙarfe ne mai kauri, an jera masa haƙora masu bakin kabayid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, inji yana juya shi da gudu, mai aiki kuma yana kaɗa shi dama da hagu a kan kututturen, yana gurzar itacen kaɗan-kaɗan har ya nutse ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke saura tulin dusa ne gauraye da ƙasa. Kamfanin Vermeer, wanda Gary Vermeer ya kafa a garin Pella na jihar Iowa a 1948, shi ake dangantawa da fito da wannan inji a shekarun 1950, kuma har yau yana cikin manyan masu ƙera shi. Tare da shi akwai Carlton a Spartanburg ta jihar South Carolina, da Bandit a Remus ta jihar Michigan wanda aka kafa a 1983, da Rayco da ya taso a Wooster ta jihar Ohio wanda kamfanin Morbark ya saye a 2017, sai Toro da ya fi ƙarfi a shagunan bayar da haya. A wannan yanki namu aikin kututture bai taɓa yankewa ba tun da wani koren ƙwaro da aka fara gani kusa da Detroit a 2002 ya bi itatuwan ash ya kashe miliyoyinsu. Duk itacen da ya mutu a gefen titi ko bayan gida, kututture ne ke jiran wani.

Ƙananan injinan da ake turawa da hannu, masu doki 13 ko kusa da haka (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji), ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Na mai gida ne da zai yi haya ranar Asabar ya cire kututture ɗaya. Wanda ya ɗauke su a matsayin jarin sana'a, kafaɗarsa da bayansa ne za su biya. Zaɓin gaskiya yana tsakanin aji biyu. Na farko shi ne mai fetur, doki 35 zuwa 40, irin su Vermeer SC362 da SC382, Bandit SG-40, Toro STX-38, Rayco RG37, ko Carlton SP4012 da SP5014. Na biyu shi ne mai dizal, doki 65 zuwa 74, irin su Vermeer SC70TX da SC852, Bandit SG-75, da Carlton SP7015.

Za ka lura lambar 74 tana yawan dawowa, kuma ba haɗuwar banza ba ce. Dokar hayaƙi ta Amurka, matakin da ake kira Tier 4 Final wanda ya fara aiki tsakanin 2013 da 2015, ta ja layi a doki 75. Injin dizal da ya haura nan kusan dole ne ya ɗauki tankin ruwan yuriya da ake kira DEF da duk na'urorin da ke tafiya da shi. Sai masu ƙera injina suka taru suka tsaya taki ɗaya kafin layin. SC852 ɗin nan da doki 85 ya fara fitowa, abin da lambarsa ke nunawa ke nan, daga baya aka mayar da shi 74. Wannan ya shafe ka kai tsaye: a kan doki 74 kana samun mafi yawan ƙarfin da za a iya samu ba tare da ƙarin tanki da ƙarin abin lalacewa ba. Dalilin dokar ne kuma ya sa wasu kamfanoni suka koma sanya manyan injinan fetur, masu doki 50 zuwa 80, a jikin manyan na'urorinsu. Sun fi araha wajen saye, gyaransu ya fi sauƙi, amma suna shan mai kamar ba gobe, kuma ba su da irin nacin dizal idan faifai ya nutse cikin itace mai tauri.

To, me ya bambanta ajin biyu a bakin aiki? A ƙananan kututtura, masu faɗin ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi, kusan babu. Kafin ka sauke babban inji daga tirela ka shimfiɗa katakan da zai bi don kada ya ɓata ciyawa, mai doki 38 ya gama ya fara shara. Bambancin yana fitowa ne a kan babban kututture. Itacen oak mai faɗin ƙafa huɗu, da saiwoyinsa da suka bazu a saman ƙasa, yakan ci mini fiye da sa'a ɗaya da ƙaramin inji. Da mai doki 74 na ga an gama irinsa cikin minti ashirin. Ba ƙarfin inji kaɗai ke kawo wannan ba. Faifan babban ya fi girma, ya fi nauyi, saboda haka in ya ɗauki gudu ba ya saurin karaya, yana cizo mai zurfi a kowane zagaye, kuma hannunsa yana kaɗawa da faɗi, ba sai ka yi ta matsar da injin gaba da baya ba. Carlton ma sun rubuta wannan a lambar injinansu: SP7015 yana nufin kaɗawar inci 70 da zurfin inci 15 ƙarƙashin ƙasa, SP5014 kuma inci 50 da 14. Zurfin yana da muhimmanci idan mai gida zai sake dasa wani itace a gurbin ko za a zuba kankare. In ciyawa kawai za a shuka, inci 6 zuwa 8 ya wadatar, kuma kowane daga cikin ajin biyu zai kai.

Kuɗin kuwa ba kusa suke ba. Sabon mai dizal yakan ninka farashin mai fetur sau biyu ko fiye, kuma ba a nan kashe kuɗin ke tsayawa ba. Ƙaramin bai kai tan ɗaya ba, ƙaramar tirela da a-kori-kurar da kake da ita sun ishe shi. Babban yana kai tan ɗaya da rabi zuwa biyu, yana son tirela mai gatari biyu da birki, inshorarsa ta fi tsada, haƙoransa sun fi yawa sun kuma fi tsada. Lissafin da nake sa 'yan'uwa su yi kafin su sa hannu a takardar bashi shi ne: ɗauki abin da za ka riƙa biya kowane wata, ka haɗa da inshora da mai da haƙora, ka raba da abin da kake samu a matsakaicin kututture ɗaya. Adadin da ya fito, shi ne yawan kututturan da za ka niƙa wa banki kafin ka fara niƙa wa kanka. Sannan ka duba littafinka na watan Janairu da Fabrairu, lokacin da ƙasa ta daskare waya ta yi shiru, ka ga ko za ka kai. Banki bai san hunturu ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowa ce mai wuya.

Sai batun ƙofa, wanda sabon shiga ba ya tunawa sai ya tsaya a gabanta. Mafi yawan ƙofofin shingen bayan gida a nan inci 36 ne. Shi ya sa kusan duk injinan da na lissafa an ƙera su su tsuke zuwa inci 35 ko ƙasa: masu taya ana cire musu tayoyin waje, masu sarƙar roba kuma wasunsu sarƙar tana shigewa ciki ta sake buɗewa bayan an wuce. Amma inci 35 a takarda daban, ƙofa daban. Akwai marata ƙofa da ke cin inci guda, akwai ginshiƙin da ya karkace, akwai kwanar da ke biye da ƙofar nan take, inda tsawon injin ne zai hana, ba faɗinsa ba. A nan Bandit SG-40 yake da fifiko, domin faɗinsa bai kai inci 30 ba, yana shiga inda sauran ke tsayawa. Idan aikinka a tsofaffin unguwanni ne masu matsattsun lunguna, wannan kaɗai zai iya yanke maka hukunci. A Ingila, inda hanyar shiga lambun bayan gida ta fi tamu matsi, kamfanin Predator ya gina sunansa ne a kan siraran injina saboda wannan matsalar.

Taya ko sarƙa? Sarƙar roba tana riƙe gangare, tana wuce laka, tana raba nauyi don kada injin ya nutse. Laifinta shi ne in ka juya a wuri ɗaya sai ta kwashe ciyawa kamar an sa fartanya, kuma canza ta da ƙafafun da take bi a kai ba ƙaramin kuɗi ba ne. Taya ta fi tausayin ciyawa, ta fi saurin tafiya, gyaranta kuma kowa ya iya. Wanda yawancin aikinsa a shimfiɗaɗɗun gidaje ne masu ciyawar da ake ji da ita, ya ɗauki mai taya, amma wanda dukkan ƙafafu huɗu ke ja. Wanda ke aiki a tudu da kwari ko bayan ruwan sama, ya ɗauki sarƙa ya sayi katakan shimfiɗa.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a saurara, domin a nan ne kalmar "mai aminci" take samun ma'ana: yadda ƙarfi ke tashi daga inji ya isa faifai. Hanya uku ce.

Ta farko bel. Mafi yawan ajin fetur da bel suke aiki, haka ma Carlton har a manyan injinansa, inda bel na farko ke kai ƙarfi ga wata sanda, bel mai haƙora kuma ya ɗauka daga nan zuwa faifai. Bel ba ya ɓarnar ƙarfi sosai, kuma in faifai ya daki dutse ko ƙarfen da ya nutse cikin itace, shi ne ke zamewa ko ya tsinke, ya ceci abin da ya fi shi tsada. In ya tsinke, kai da sifana da sa'a ɗaya kun isa, muddin akwai wani a mota. Sai dai yana son kulawa: a duba ɗaurinsa, a duba daidaiton fulolinsa, a yi wa boris giris yadda littafin injin ya ce, ba fiye ba kuma ba ƙasa ba. Wanda ba ya son taɓa sifana da safe, bel zai wahalar da shi.

Ta biyu giyabos da sanda, wadda Vermeer ke amfani da ita a manyan injinansa irin SC70TX da SC852. Babu bel da za a ɗaure, ƙarfi yana isa faifai kusan cikakke, kuma hannun injin ya fi siranta, kana ganin abin da kake yi. Aikinka shi ne duba man giyar da canza shi a kan lokaci. Tana daɗewa ƙwarai, amma ranar da ta lalace ba gyaran bakin titi ba ne, kuma takardar kuɗin za ta sa ka zauna.

Ta uku haidurolik, inda famfo ke tura mai zuwa wata na'ura da ke maƙale da faifan tana juya shi. Toro STX da Bandit 2550 haka suke. Babu bel, babu kuloci, in faifai ya cije sai mai ya bi ta bawul ya koma, ba abin da ya karye. Shi ya sa masu bayar da haya ke son su, domin kowane irin hannu yana taɓa injinsu. Farashin wannan sauƙi shi ne wani kaso na ƙarfin yana tafiya a zafi. Doki 38 ta haidurolik ba ya cizo kamar doki 38 ta bel, kuma a ranar zafi dole ka riƙa share dusa daga abin sanyaya man. Idan yara ne da yawa za su riƙa karɓa-karɓa da injin, haidurolik ya fi jure musu. Idan kai ne da kanka a kai kullum, kuma kana da hannun gyara, ni bel nake zaɓa a ƙaramin aji, domin duk dokin da na biya ina so ya isa bakin haƙori.

Haƙora kuwa, da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi kowane tasiri a aikin yini, su zan zaɓa. Mai doki 38 da haƙora masu kaifi yana iya shan gaban mai doki 60 da dakusassu. Dakusasshen haƙori ba yanka yake yi ba, duka yake yi, kuma dukan nan yana bi ta faifai ya shiga boris, ya shiga bel, ya shiga walda, ya fasa abin da ba ka zata ba. Yawancin abin da mutane ke kira rashin amincin inji, in ka bi sawu, a bakin haƙori ya faro. Alamar a fili take: inji ya fara tsalle, dusa ta koma gari maimakon ɓarɓashi, wani lokaci har ka ji ƙaurin itace.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa dila ita ce, minti nawa ake ɗauka a juya haƙori a bakin aiki? Greenteeth, waɗanda ake yi a Michigan, zagayayyu ne, noti ɗaya za ka sassauta ka juya haƙorin zuwa sabon baki, sau uku kafin ya ƙare, kuma suna hawa faifan kamfanoni da dama. Girmansu yana tafiya da lamba, 500, 700, 900, 1100, gwargwadon ƙarfin inji. Yellow Jacket na Vermeer baki biyu gare shi, shi ma noti ɗaya ne. Akwai kuma faifai irin Revolution da Bandit ke sanyawa, da Dura Disk na Sandvik da aka san Carlton da shi, masu gajerun haƙora da yawa da aka jera su yadda za su kare jikin faifan daga cinyewa, kuma ba sa watsa dusa da nisa. Waɗannan sun fi nuna kansu a ƙasa mai duwatsu da kan manyan injina. Ba sai ka canza dukkan haƙora lokaci ɗaya ba. 'Yan na gaban nan da ke fara taɓa itace su ke yin mafi yawan aikin, su ake juyawa kullum. Kuma minti biyar da za ka yi da diga kana tone duwatsun da ke gindin kututture kafin ka kunna inji, ya fi kowace dabara tsawaita ran haƙori.

Rimot ma ba ado ba ne. Mai tsayawa a jikin inji yana shan ƙura da ƙara da jijjiga yini guda, yana leƙen faifai ta gilashin da dusa ta rufe. Mai rimot yana tsayawa gefe inda yake ganin bakin haƙori da saiwar da yake bi, kuma in zai wuce matsattsiyar ƙofa yana iya tsayawa gaba ya ga ɓangarorin biyu. Carlton sun daɗe da yin suna a wannan, sauran ma yanzu suna bayarwa a manyan injinansu. In za ka sayi mai doki 74, kada ka saye shi babu rimot, amma ka tabbata akwai hanyar sarrafa shi da waya ko da hannu ranar da batir ya mutu. Vermeer kuma suna da tsarin da ke rage saurin kaɗawa da kansa idan inji ya fara nauyi, da hannayen da ke tsayar da faifai in mai aiki ya sake su. Wasu tsofaffin hannu suna ƙorafin na biyun yana damunsu. Ni ina goyon bayansa, domin faifan nan ba ya bambance saiwa da ƙafar mutum. A kan wannan layin ne kuma nake roƙon kowa: a nan Amurka a kira lambar waya 811 kafin a nutsa faifai a ƙasa, a zo a yi alamar bututun gas da wayoyin wuta, kyauta ne. A kafa labulen kare tsakuwa tsakanin inji da tagar mutane. A share dusa daga kan salansa, domin busasshiyar dusa da zafin inji sun ƙone injina da yawa.

Sai yanzu za mu zo kan sunan kamfani, kuma abin da zan faɗa gajere ne. Vermeer, Carlton, Bandit da Rayco, dukkan huɗun nan suna yin injin da zai yi maka shekaru. Vermeer ya fi kowa yawan shagunan dila, kuma injinsa yana riƙe daraja wajen sayarwa, amma kayan gyaransa da tsada, kuma da yawansu sai a wurinsu. Carlton ƙarfe ne mai nauyi da gini mai sauƙin ganewa, boris da bel ɗinsa da dama za ka same su a shagon kayan masana'antu, sai dai dilolinsa ba su kai na Vermeer yawa ba. Bandit yana ba da zaɓin inji da faifai, kuma in injin markaɗe rassanka nasu ne, dila ɗaya zai riƙe maka duka biyun. Rayco tsohon hannu ne a wannan fanni, yanzu ta hanyar dilolin Morbark ake samunsa. Wanda ya fi a cikinsu shi ne wanda shagonsa ke cikin tafiyar sa'a ɗaya daga gidanka kuma yake ajiye kaya a kanta. Na koyi wannan da tsada. Injina na farko na hannu ne, na samo shi da araha daga wata jiha mai nisa, ban tambayi inda zan sami kayansa ba. A tsakiyar bazara, lokacin da aiki ya fi yawa, wani ƙaramin abu a kulocinsa ya ƙone, na yi kwana tara ina jiran saƙo, ina kallon ayyukan da na riga na karɓa suna komawa hannun wasu. Araha ba ta ado. Kafin ka saya, shiga shagon dilan ka tambayi bel, boris ɗin faifai, kuloci da filta na injin da kake so. In ya ɗauko su ya ajiye a gabanka, ka sami dila. In ya ce sai an yi oda, ka ƙara tunani. Ka tambayi kuma wa ke gyara injin da ke cikin na'urar, domin masu ƙera shi irin su Kohler, Vanguard, Kubota, Deutz da Caterpillar kowanne da nasa masu gyara, kuma sau da yawa garantinsa daban yake da na jikin na'urar.

Na hannu ba laifi ba ne, da tsohuwar zuma ake magani, amma wannan inji ne da ke rayuwa cikin ƙura da jijjiga, sa'a dubu a jikinsa ba ɗaya take da sa'a dubu a jikin tarakta ba. Kashe shi, cire makulli, kama faifan ka girgiza, in ya yi motsi gefe boris ya tafi. Duba ramukan da haƙora ke zama ko sun zama ƙwai, duba gefen faifan ko ya cinye. Ɗaga hannun injin ka tura shi dama da hagu ka ji ko fil da bushinsa sun yi sako-sako. Nemi sabuwar walda ko sabon fenti a wuri ɗaya. Buɗe gidan filtar iska ka shafa yatsa a bututun da ke bayanta: in ka ga ƙura a nan, ta riga ta shiga cikin inji, ka bar shi komai arharsa. Kuma kada ka yarda a tayar maka da shi kafin ka iso, kana so ka ji yadda yake tashi da sanyi.

Akwai wata hanya ta uku ga wanda ya riga ya mallaki abin ja. Mai tarakta zai iya ɗaura kan niƙa a bayanta, sandar bayan taraktar da ake kira PTO ta juya shi, irin waɗanda Baumalight na Kanada ke yi. Mai ƙaramar katafilar lodi irin Bobcat zai iya ɗaura nasa a gaba, in famfonta mai tura mai da yawa ne. Kuɗinsu bai kai rabin na cikakken inji ba, kuma a gona ko filin da za a yi gini suna aiki sosai. Ƙofar inci 36 ce dai ba za su shiga ba.

Wasu daga gida sukan rubuto suna tambaya ko wannan sana'a za ta yi a Kano ko Abuja. Abu biyu nake gaya musu. Na ɗaya, a can gida kututture kansa dukiya ne, masu gatari da diga za su tone shi su sayar da itacen ko a yi gawayi, injin kuwa mayar da shi dusa yake yi. Inda zai yi amfani shi ne cikin gari, inda darbejiya ko turare suka girma a jikin katanga ko tsakiyar intalok, ba halin tono, kuma in an bar kututturen sai ya sake toho. Na biyu, sababbin injinan dizal na Amurka an yi su ne don man da farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 15 cikin miliyan ba, kuma kwamfuta ce ke sarrafa su. Man da bai kai wannan tsabta ba yana lalata musu allurai da matatar hayaƙi. Wanda zai shigo da inji gida ya nemi mai fetur da bel, ko tsohon dizal marar kwamfuta, ko kan da ake ɗaurawa a tarakta, ya haɗo da kwalin haƙora da bel da boris a kwantena ɗaya, domin marmara tana cin kabayid fiye da baƙar ƙasar da muke aiki a kanta a nan.

Ga ɗan'uwan da sare itace ne babban aikinsa, kututture kuma biye yake, biyar ko goma a mako, shawarata mai fetur ne, doki 37 ko 38, mai bel, da haƙoran da ake juyawa da noti ɗaya, daga dilan da ya fi kusa. Manyan kututturan da za su riƙa fitowa jefi-jefi, ya yi hayar babban inji na yini ɗaya ya tara su ya gama, ko ya ba mai babban inji su raba. Wanda kuma kututture ne sana'arsa, wasu kamfanonin sare itace ke kiransa, ko yana neman kwangilar ƙaramar hukuma ko filin wasan golf, kada ya tsaya a tsakiya: ya ɗauki dizal mai doki 74 da rimot, domin shi lokaci yake sayarwa, kuma ƙaramin inji da ake sa wa aikin babba ba ya shekara uku lafiya.

Ko wanne ka karkata gare shi, ka sa dila ya kawo shi gwaji, yawancinsu suna yi. Kada ka bari ya zaɓi kututturen. Kai ka zaɓa, mafi muni a cikin ayyukan da ke hannunka, wanda ke bayan ƙofa, a kan gangare, da duwatsu a gindinsa. Ka shigar da injin da hannunka, ka duba agogo, in an gama ka juya haƙori ɗaya da kanka, sannan ka buɗe murfin ka ga ko hannunka yana kai wa filta da wuraren giris ba tare da ka kwance rabin injin ba.